Ƙofar Murjani

An ɗauke wuta tun la'asar a Rijiyar Ɗorowa.
Mun fito da tabarma tsakar gida,
ƙasa na mayar da zafin da ta ranta wurin rana.
Inna Ige na jan tsakiyar wuyanta ɗaya-ɗaya kamar tasbaha,
ta ce, "Mode, mi kag gani can
da ya hana ka waiwayo shekara shida?"

Inna, kwana ashirin da uku ba mu ga ƙasa ba.
Ni ne kuku. Na daure tukunya da waya
don kada miya ta yi tafiyarta.
Albasar ƙarshe ta tsiro a cikin raga,
na ƙi yanka ta,
don ta yi mini kama da 'yar Kwalkwalawa.
Gishiri a gashin ido, gishiri a cikin bargo,
alƙibla na sauya wuri tsakanin raka'a da raka'a.

Ran nan da hantsi Ebikeme ya yi ihu daga kan sanda.
Ba tudu, ba dutse.
Kawunan kwakwa kawai a jere kan ruwa,
sai gindin gajimare da ya yi kore
kamar ya goga jikin sabon fenti.

Ki ɗauka gari ne mai ganuwa, Inna,
amma an manta ba a gina garin ba.
Ganuwa ce zalla, kewaye kamar awarwaro,
teku na dukanta dare da rana da farin kumfa,
cikinta kuwa tafki.
Ƙofa ɗaya tak, ba ta kai faɗin Ƙofar Marke ba a idona,
kuma tana da lokacinta.
Ka zo ruwa na fita, ya tofo ka waje.
Sai muka jira rana ta hau bayanmu,
muka naɗe filafilai, muka kunna ɗan inji.

Aka ce in tsaya a goshin jirgi in duba.
Ni da na koyi iyo a Rima da gora a ƙirji!
Baƙi-baƙi, wuce. Ruwan ƙasa-ƙasa, kauce.
Hannun dama! Na ce dama!
Wani dutse ya shuɗe ƙarƙashinmu da ƙahonni kamar na barewa,
har na ji shi a tafin ƙafata.
Ban san na kama Ayatul Kursiyyu da ƙarfi ba
sai da matuƙi ya ce in ci gaba, ko mene ne.

Sannan shiru.

Shirun da ke biyo bayan injin niƙa in ya mutu.
Jirgi ya miƙe tsaye, cokula suka bar kuka a aljihun tebur.
Na ga ƙugiyarmu ta sauka gaba goma
ta kwanta kan farin yashi, na ga inuwata kusa da ita.
Kifaye launin atamfar sallah
suna kiwo a kan duwatsu masu rai.
Na zuba shayi a kofi har baki.
Bai zube ba. A nan na yi kuka.

"Duwatsu masu rai?"
Murjani, Inna. Tsirowa yake, a hankali, kamar haƙuri.
Ba a ɓallarsa. Ban kawo miki ko ƙwara ba.

Ta ciro tsakiyar, ta miƙo mini cikin duhu.
Babana ya sayo ta Tsohuwar Kasuwa, shekarar da aka haife ni.
Ba nauyi. Na ji layin da injin roba ya bari a gefen kowace ƙwara.
"Irin nau na?"

Sauro ya wuce. Wani ya tayar da janareto a maƙwabta.
Tabarma na ɗan lilo ƙarƙashina, har yau ba ta daina ba.
Na dubi katangar gidanmu, kewaye,
da ƙofar zaure ɗaya da na shigo ta jiya da kwano a ƙirji.

Na ce, "Awo, Inna. Irin naki na."